Kuntunse: yadda aka sauya wa tsohon faifan tarho ƙwaƙwalwa ya koma sauraron taurari

Duk wanda ya tsaya bakin kogi a Malanville bayan isha'i a watannin sanyi, in dai ƙurar hunturu ba ta rufe sama ba, zai ga Kaza da 'ya'yanta kusan tsaye a kansa. Wanda ke can ƙetare a Gaya ma su yake gani. Fataken goro da suka riƙa ratsa ƙasar Dendi da Borgu su bi ta Djougou zuwa Salaga sun san waɗannan taurari sarai, don da su suke ƙiyasta dare. Amma daga Malanville har Kandi, daga Gaya har Dosso, babu wata cibiyar nazarin taurari. Babbar na'ura irin wannan da ke aiki a Afirka ta Yamma tana can gaba da inda hanyar goro ta ƙare, a Kuntunse, kimanin kilomita 25 daga Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara.

Abin da ke Kuntunse faifai ne na ƙarfe mai faɗin mita 32, wato irin parabol ɗin da ke kan rufin gidaje amma ya ninka shi sau gommai. Ba don taurari aka gina shi ba. An ƙaddamar da shi a 1981 domin ya riƙa kai kiran tarho da hotunan talabijin na Ghana ƙasashen waje ta hanyar taurarin ɗan'adam na Intelsat. A ranar 24 ga Agusta 2017 shugaba Nana Akufo-Addo ya sake buɗe shi, wannan karon a matsayin madubin hangen nesa mai aiki da igiyoyin rediyo. Daga waje faifan bai canza kama ba. Abin da aka canza yana ciki: injinan da ke juya shi, ma'aunan da ke faɗa masa inda ya dosa, kwamfutoci, da manhajar da ke ba su umarni, abin da ake kira logiciel da Faransanci.

Wayar da ta kashe masa kasuwa ta bi ta Malanville

A shekarun 1970 da 1980 kusan kowace ƙasar Afirka ta kafa tashar sadarwa da tauraron ɗan'adam. Najeriya ta yi a Lanlate da Kujama kusa da Kaduna, Nijar ta yi a Karma kusa da Yamai, Benin ta yi a Abomey-Calavi. A wancan zamani wanda ya buga tarho daga Kwatano zuwa Paris, muryarsa sai ta hau sama kilomita 35,786 ta sauko kafin ta isa.

A 2002 wayar SAT-3 mai bi ta ƙarƙashin teku ta fara aiki, ta sauka a Accra da Kwatano da Legas. Zaren gilashi ne mai ɗaukar bayanai da haske, ya fi tauraron ɗan'adam sauri, ya fi shi arha. Nijar da ba ta da teku ta samu rabonta ta wayar da aka ja daga Kwatano, ta bi Parakou da Kandi, ta tsallaka a Malanville zuwa Gaya. Da haka manyan faya-fayan suka zama kamar raƙumin fatake bayan zuwan tirela. Na Kuntunse ya koma hannun Vodafone a 2008 lokacin da kamfanin ya sayi kaso mafi yawa na Ghana Telecom, aka bar shi tsatsa na ci.

Wani masanin taurari na Afirka ta Kudu, Michael Gaylard na cibiyar Hartebeesthoek, shi ne ya fi kowa tsayawa kan shawarar a tattara irin waɗannan faya-fayai a mayar da su na bincike. Ya san abin da yake faɗa, domin faifan mita 26 na cibiyarsu ma kwance ne: hukumar NASA ta Amurka ta gina shi a 1961 don bin kumbunanta, da ta tashi a tsakiyar shekarun 1970 aka mayar da shi na taurari. An yi irin wannan a Yamaguchi ta Japan, da Ceduna ta Ostireliya, da Warkworth ta New Zealand. Ghana tana cikin ƙasashen Afirka takwas da suka mara wa Afirka ta Kudu baya a babban shirin SKA, tare da Botswana, Kenya, Madagaska, Mauritius, Mozambik, Namibiya da Zambiya, kuma a can aka fara. Kuɗin farko ya fito daga wani asusu na ma'aikatar harkokin wajen Afirka ta Kudu, aikin kuma injiniyoyin ƙasashen biyu suka yi shi tare, ƙarƙashin cibiyar kimiyyar sararin samaniya ta Ghana, GSSTI.

Faifan da bai taɓa koyon tafiya ba

Ga inda gizo ke saƙar. Tauraron sadarwa yana zagaya duniya daidai da saurin juyawarta, don haka ga wanda ke ƙasa a tsaye yake wuri guda. Shi ya sa mai ɗaura parabol ke saita shi sau ɗaya ya ɗaure kusoshi ya karɓi kuɗinsa. Faifan Kuntunse ya yi shekara kusan talatin yana kallon gefe guda na sama, ba ya motsi sai ɗan gyaran zama.

Taurari kuwa ba sa jira. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu. Faifai mai faɗin mita 32, idan yana sauraro a zangon gigahaz 6.7, abin da yake gani a lokaci guda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata daren sha huɗu. Idan aka saita shi kan wani tauraro da ke tsakiyar sama aka bar shi tsaye, cikin daƙiƙa 24 tauraron ya ratsa ya wuce. Masu bincike kuma ba su yarda da a ce tauraron yana cikin da'irar kawai ba. Suna so kuskuren saiti kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan 'yar da'ira. Ke nan ana bukatar ƙarfe mai nauyin tireloli da dama ya riƙa tafiya a hankali, babu fizga babu tsayawa, awa bayan awa, a kan layin da siririnsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba.

Don haka aka sauya injinan da ke juya shi hagu da dama da waɗanda ke ɗaga shi sama da ƙasa. Aka sa sababbin ma'aunan kusurwa a kan gatarin juyawa. Aka gyara abin da dukan ginin ke juyawa a kansa, aka sake ƙafafu huɗun da ke riƙe da ƙaramin madubi a gaban faifan saboda tsatsa ta cinye su, aka wanke shi aka yi masa fenti. Wannan ɓangare duk bakanike da mai walda zai gane shi. Wanda ido ba ya gani shi ne ya fi cin lokaci.

Manhajar da ke sarrafa irin wannan na'ura hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai 'yar kwamfuta mai taurin kai da ke zaune kusa da injina. Ba ta san sunan ko tauraro ɗaya ba. Aikinta ta karanta ma'aunin kusurwa sau da yawa a kowace daƙiƙa, ta gwada inda faifan yake da inda aka ce ya kasance, ta ƙara wa inji wuta ko ta rage. Ita ce kuma ke da ikon taka birki ko da wa ya ba da umarni: idan faifan ya kai iyakar juyawarsa, ko iska ta yi ƙarfi, ko wani ma'aikaci ya danna maɓallin gaggawa. A samanta akwai wata da ke lissafi. Ana ba ta matsayin tauraro a taswirar sama, ita kuma ta haɗa shi da agogo da wurin da tashar take a doron ƙasa, ta fitar da kusurwa biyu, ta sake fitarwa, ba ta hutawa. Agogon da take bi ma ba irin na hannu ba ne, domin ranar taurari awa 23 ce da minti 56 da daƙiƙa 4. A can sama kuma akwai mai riƙe da jadawali: ƙarfe kaza a koma kan tauraro kaza, a buɗe wannan zango, a fara naɗa, a daina.

Lissafin sama kaɗai ba ya isa, saboda ƙarfe yana da halinsa. Idan faifan ya sunkuyo kusa da ƙasa, nauyinsa yana lanƙwasa shi kaɗan. Rana tana dumama gefe guda ya miƙe fiye da ɗayan. Dogon ƙarfen da ƙafafunsa ke gangarawa a kai ba ya rasa ɗan tudu da kwari. Iskar da ke kewaye da duniya ita ma tana karya igiyar rediyo, ta sa tauraron da ke kusa da faɗuwa ya bayyana sama da inda yake. Maganin shi ne a kwashe darare ana nufar taurarin da aka san matsayinsu tabbas, ɗaya bayan ɗaya a kowace kusurwa, ana rubuta yawan kuskuren, har a gina jadawalin gyara a zuba shi cikin manhajar. Kowane faifai da nasa jadawalin. Na Hartebeesthoek ba zai yi wa Kuntunse aiki ba, kamar yadda direban da ya saba da sitiyarin motarsa mai ja gefen dama ba zai iya ba wani wannan sabo a takarda ba. Hatta wayoyin da ke hawa daga ƙasa zuwa cikin faifan sai manhaja ta riƙa ƙirga sau nawa aka murɗa su, in ba haka ba wata rana faifan ya ci gaba da juyawa gefe guda ya tsinke jijiyoyinsa da kansa.

Abin da aka ji

Gwaje-gwajen farko sun tabbatar da abubuwa uku. An kama siginar metanol a zangon gigahaz 6.7, wadda wani masani Bajamushe, Karl Menten, ya gano a 1991, kuma tana fitowa ne daga gajimaren iskar gas inda manyan taurari ke haihuwa. An ji bugun pulsar, wato gawar tauraro mai juyawa da sauri tana watso siginar rediyo a kan ƙa'ida, irin wadda Jocelyn Bell ta fara ganowa a Ingila a 1967. Na uku shi ne mafi wuya: a 2017 Kuntunse ta saurari abu guda a lokaci guda tare da tashoshin Turai, aka haɗa abin da kowa ya naɗa, ya dace.

Wannan dabara ta uku ita ce dalilin duk wahalar. Faifai ɗaya mai mita 32 idonsa ba shi da kaifi: ba zai bambance abin da ya kai girman kwabon dala ashirin ba idan ya wuce mita 15 daga gare shi. Amma idan faya-fayai biyu da ke da nisan kilomita 5,000 tsakaninsu suka saurari wuri guda, aka haɗa siginar, kaifin ya zama kamar na faifai guda mai faɗin kilomita 5,000. Wannan kwabo za a gane shi daga nisan da ya wuce Malanville zuwa Dakar. Ana kiran dabarar VLBI, kuma da ita aka fitar da hoton baƙin rami na farko a ranar 10 ga Afrilu 2019. Kafin Kuntunse, tsakanin tashoshin Turai da Hartebeesthoek babu komai, wawakeken giɓi ne da ya ratsa nahiyar duka. Ghana tana tsakiya, kuma da yake digiri biyar zuwa shida kawai ke tsakanin Accra da layin da ya raba duniya biyu, tana ganin saman arewa da na kudu kusan duka.

Sharaɗin shi ne agogo. Igiyar rediyo tana tafiyar santimita 30 a cikin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, tsawon rular ɗan makaranta. Dole kowace tasha ta buga wa abin da ta naɗa hatimin lokaci mai irin wannan daidaito, shi ya sa ake amfani da agogon atam mai aiki da haidirojin, wanda sai ya yi miliyoyin shekaru kafin ya kauce da daƙiƙa ɗaya. Bayanan tashoshin Turai da abokan aikinsu ana tara su a cibiyar JIVE da ke Dwingeloo a ƙasar Holan, inda wata babbar kwamfuta ke jera su tana neman inda suka yi daidai. Wani lokaci a aika su cikin faya-fayan ajiya, wani lokaci kai tsaye ta wayar gilashi. Wayar da ta raba faifan da aikinsa na farko ita ce yanzu yake dogaro da ita, kuma mutanen yankin ba su manta ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyi huɗu suka yanke a tekun Kodebuwa intanet ta durƙushe daga Ghana har Benin.

Akwai tambayar da ba ta rasa fitowa duk inda aka yi wannan zance a zongo: to wannan na'ura za ta ga jinjirin watan azumi? Ba za ta gani ba, ba a yi ta don haka ba, kunne ce ba ido ba. Lissafin ranar da wata zai tsaya da tsayinsa a sama bayan faɗuwar rana kuwa ƙaramar manhaja a wayar hannu tana yin sa. Saɓanin da kan sa Malanville da Gaya da Kamba su ɗauki azumi a ranaku daban ba na rashin na'ura ba ne, na wanda kowane gari ke jiran sanarwarsa ne.

Me ya sa ba a sayo sabuwar kwamfuta kawai ba

Madubi ko faifai yana iya yin shekara hamsin, har ɗari. Kwamfutar da ke juya shi kuwa cikin shekara goma ta tsufa, kamfanin ya daina yin safayarta, wanda ya rubuta manhajar ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya. Kowace cibiyar taurari a duniya tana fama da wannan ratar. Madubin Kottamia na Masar, mai faɗin mita 1.88, ya fara aiki a 1964, kuma a shekarun 1990 sai da kamfanin Zeiss na Jamus ya sake masa madubi da tsarin sarrafawa na kwamfuta. A Yunin 2021 madubin Hubble da ke shawagi a sama ya yi wata guda ba ya aiki saboda matsala a sashen kwamfutar da aka ƙera tun shekarun 1980, sai da aka koma kan na ajiya.

'Yan kasuwar Malanville da direbobin manyan motoci sun san wani abu game da wannan. Sun ga lokacin da duwan ta tashi daga takarda zuwa SYDONIA, sun ga sauyi daga wani zubi zuwa wani, kuma sun san ma'anar a ce rezo ya ɗauke alhali kaya na kan mota. Ba a iya rufe iyaka wata shida don a sake manhaja, haka ma ba a son rufe madubin da masu bincike suka yi layi suna jira. Don haka ake gina sabon tsari a gefe, a fara gwada shi kan faifan ƙarya da ke cikin kwamfuta, sannan a ba shi sitiyari dare ɗaya tsohon yana zaune kusa, har a gamsu.

Wahalar da ta fi ita ce tsohuwar manhaja ta san abubuwan da babu wanda ya rubuta. Wani layi yana cewa a dakata daƙiƙa biyu kafin a saki birki, babu bayani. Matashin injiniya ya ga ɓata lokaci ne ya goge, bayan wata uku haƙoran giya suka fara cinyewa. Saboda irin wannan ne tashoshin VLBI da yawa har yau suke aiki da wata manhaja mai suna Field System da cibiyar Goddard ta NASA ta faro shekaru sama da arba'in da suka wuce, ana yi mata kwaskwarima ana ɗora ta kan Linux, wani sashe nata har yanzu da tsohon yaren Fortran. Duk tashar da ke son shiga zangon Turai dole injinanta su fahimci irin jadawalin da wannan manhaja ke karantawa. Shirin SKA, da aka fara gininsa a Disamban 2022, ya zaɓi wani tsarin mai suna Tango, wanda shi ma a buɗe yake ga kowa. Wannan buɗewa ba ƙaramin abu ba ce ga ƙasa mai ƙaramin kasafi. Manhajar da ke kulle a hannun kamfani, ranar da kwangila ta ƙare na'urar ta zama marainiya.

Lokaci kansa yana da tarkuna. Tsarin GPS na asali yana ƙirga makonni har 1,024 ne ya koma sifili, kuma hakan ya faru a ranar 6 ga Afrilu 2019, tsofaffin na'urori da dama suka wayi gari da kwanan watan shekara goma sha tara baya. Tun 1972 an cusa wa agogon duniya ƙarin daƙiƙa sau 27 don ya daidaita da juyawar ƙasa, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. Tasha da ta manta da daƙiƙa ɗaya ta yi asarar aikin dare. A ranar 19 ga Janairu 2038 kuma ma'ajin lokaci na tsofaffin kwamfutocin Unix zai cika ya zube.

Sabuntawa tana zuwa da nata haɗarin. Da aka jona cibiyoyi da intanet don masani ya yi aiki daga ofishinsa a wata nahiya, ɓarayin yanar gizo ma sun samu ƙofa. A ranar 29 ga Oktoba 2022 aka kai wa ALMA hari a ƙasar Cile, ɗaya daga cikin cibiyoyi mafiya tsada a duniya, ba ta koma aiki ba sai 19 ga Disamba. A watan Agustan 2023 irin haka ta sa aka rufe madubin Gemini na Hawaii kusan wata biyu.

Na Burkina, da ma'aunin da ke gindin gada

Ba kowane kwance ne ke tashi ba. Madubin MarLy mai faɗin mita ɗaya ya yi wa masu binciken Faransa aiki a La Silla ta Cile, aka kwance shi a 2009 aka tura Burkina Faso da niyyar ɗora shi kan dutsen Djaogari a arewa maso gabashin ƙasar. Daga 2015 wannan yanki ya faɗa cikin rashin tsaro. Gilashin madubi ba ya ruɓewa a cikin akwati, amma duk shekarar da ta wuce kayan lantarkin da suka zo da shi suna ƙara nisa da zamani, kuma kuɗin tayar da shi yana ƙaruwa.

Ita Kuntunse barazanarta daga maƙwabta take. Accra tana faɗaɗa, gidaje da turakun wayar salula suna matsowa, alhali siginar da faifan ke nema ta fi ta wayar hannu rauni nesa ba kusa ba. Afirka ta Kudu ta yi doka tun 2007 da ta killace yankin Karoo daga hayaniyar rediyo, kuma a can ta kafa MeerKAT mai faya-fayai 64 da aka buɗe a Yulin 2018. Tashar da ke bakin babban birni ba ta da wannan gata, sai dai manhaja ta koyi gane hayaniya ta tace ta.

Malanville ba ta da madubin taurari, amma tana da na'urar da ke fama da ciwo iri ɗaya, kuma rayuka sun fi rataya a kanta. Nan ne ɗaya daga cikin tashoshin auna ruwan kogin Isa da hukumar ABN mai ƙasashe tara, wadda ke da mazauni a Yamai, ke bibiya. A shekarun 1980 shirin Hydroniger ya kafa na'urori a gaɓar kogin masu aika tsayin ruwa ta tauraron ɗan'adam. Da suka tsufa aka zo da shirin Niger-HYCOS don a farfaɗo da su. Ma'auni, batir, faifan hasken rana, agogo, manhaja, da mutumin da ya san yadda ake gyarawa: jerin bai bambanta da na Kuntunse ba. Manomin shinkafa a Malanville ko mai gida a Karimama, gargaɗin ambaliya da zai same shi kwanaki kafin ruwa ya iso ya dogara da cewa ma'aunan da ke sama da shi, a Ansongo da Yamai, suna aika lamba daidai a kan lokaci. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar ta daina ɗaukar tireloli kamar da, mutane suka koma kwale-kwale, amma ruwan bai tsaya neman izini ba.

Hatta shuɗin ɗigon da ke nuna wa direba inda yake tsakanin Kandi da Guéné yana da alaƙa da wannan fanni. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai kullum, kuma tashoshin VLBI irin su Hartebeesthoek ne ke auna ta ta hanyar kallon wasu abubuwa masu haske a can ƙarshen sama da ba a ganin motsinsu. Da wannan awo ake gyara lissafin taurarin GPS.

Ina ƙofar shiga?

Mafi yawan waɗanda ke aiki a cibiyar taurari ta zamani ba masanan taurari ba ne. Injiniyoyin lantarki ne, da masu rubuta manhaja, da masu kula da rezo, da makanikai. A Ghana an horar da irin waɗannan a kan faifan kansa yayin da ake gyaransa, wasu kuma aka tura su Afirka ta Kudu. Shirin DARA da jami'ar Leeds ta Ingila ke jagoranta ya riƙa kawo ɗalibai Kuntunse su koyi saita faifai da tace bayanai, da yawansu kuma daga baya suka shiga aikin sadarwa da sarrafa bayanai, ba taurari ba.

Benin da Nijar ba sa cikin ƙasashe takwas na SKA, kuma kusan duk horon da Turanci ake yin sa, wanda katanga ce ga yaron da ya yi lakwal da Faransanci. A nan ɗan zongo yana da abin da wasu ba su da shi: ya saba da tsallaka iyaka, yana da dangi a Nima ko Kumasi ko Birnin Kebbi, sau da yawa kuma kunnensa ya riga ya saba da Turancin kasuwa. Tushen karatun ana samunsa a gida, a cibiyar lissafi da kimiyya ta IMSP da ke Dangbo, da jami'ar Abomey-Calavi, da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Akwai kuma makarantar hutu ta matasa masu sha'awar ilimin taurari da aka fara a Abuja a 2013, aka yi ta a Nsukka a 2015 da Accra a 2017, wadda yanzu ake kira PASEA, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka dabam-dabam. Manhajojin da ake koyo a can, Linux da Python, kyauta ake sauke su, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka irin ta kwance da ake sayarwa a kasuwar Malanville tana iya ɗaukarsu.